Fok Mai Hannu Ɗaya Da Hanyoyin Birnin Kano

Jawabin da aka gabatar a taron yamma na Ƙungiyar Ɗalibai



An nemi mu yi magana a kan keke, mu kuma muka zaɓi mu tsaya a kan ɓangare guda na jikinsa. Mun sani ba za a rasa wanda zai ce a ransa, ashe duk matsalolin da suka dami ƙasa an rasa abin da za a tara masu ilmi a kansa sai keke? Amsarmu gare shi ita ce ya tuna ranar 29 ga Mayu, 1 ga mulkin sabuwar gwamnati a 2023, sa'ad da aka sanar da janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500, ba ta kuwa sake komawa gidan jiya ba. Kekunan da suka yi shekara da shekaru a jingine cikin zaure aka fito da su aka kakkaɓe. Ɗalibin da ke kwana a Mandawari ko Yakasai yana ɗaukar darasi a sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke hanyar Gwarzo, da ƙaramin ma'aikacin da dole ya sa hannu a Sakatariyar Audu Baƙo kowace safiya, duka sun zauna sun yi lissafin kuɗin adaidaita sahu na wata guda, da yawa daga cikinsu kuma lissafin ya kai su wurin mai sayar da keke.

Galibinsu ba sabo suka saya ba, gwanjo suka saya, watau kekunan da aka gama yayinsu a Turai da Amurka aka loda a kwantena aka turo mana. Mafi yawan waɗannan kuwa irin da ake kira keken hawan dutse ne, masu kaurin taya da giya barkatai da shokazoba a gaba. A cikin irin wannan kaya ne jefi-jefi akan ci karo da wani keke wanda in aka tsayar da shi a bakin Ƙofar Nasarawa sai yara sun kewaye shi. Wilinsa na gaba a rataye yake jikin hannu guda ta hagu, ta dama kuwa fayau, babu komai. Mai kallo yakan zaci karyewa ya yi aka yi masa dabara, alhali haka masu shi suka ƙera shi, kuma da sabonsa yana cikin mafi tsadar abin da ake ɗaura wa keke. Tambayar da muke so mu amsa a yammacin nan ita ce, wanda ya ci karo da irinsa, ko ya gan shi a waya zuciyarsa ta biya, ya saya ko ya wuce?

Abin da masu gyara ke kira fok shi ne gwafar nan da ta sauko daga kan keke ta riƙe wilin gaba. A keken iyayenmu, watau irin na Raleigh da aka fara kawowa daga Notingam ta Ingila, daga baya kamfanin ya kafa masana'anta a nan Bompai, fok ƙarfe ne zalla mai ɗan lanƙwasa a ƙasa. Wannan lanƙwasa da iskar taya da sifirin ɗin sirdi su ne iyakar abin da ke tsakanin mahayi da gargadar hanya. Keken hawan dutse kuwa a wata duniya aka haife shi. A tsakiyar shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta Kalifoniya suka riƙa gangarowa daga tsauni a kan tsofaffin kekuna masu kaurin taya, wasa-wasa har abin ya zama sana'a. A 1981 kamfanin Specialized ya fara ƙera irinsu da yawa domin kasuwa. Wajen 1990 fok mai shokazoba na kamfanin RockShox ya shigo, a shekarar kuma aka yi gasar duniya ta farko a hukumance a garin Durango na Amurka, sa'an nan a 1996 aka shigar da tseren cikin wasannin Olamfik a Atalanta. Tseren da muke magana a kansa shi ne na ratsa daji, inda ake zagaya fili mai tsawon kilomita 4 zuwa 6, mai hawa da gangara da duwatsu da saiwoyi, har na wajen awa ɗaya da rabi. Mai irin wannan tsere yana son fok mai sauƙin nauyi saboda hawa, mai laushi saboda gargada, mai tauri kuma don kada wili ya yi masa gardama a kwana. Waɗannan buƙatu uku kishiyoyin juna ne, duk ƙirar fok kuma sulhu ce a tsakaninsu.

Kamfanin Cannondale na Amurka, wanda aka kafa a 1971, shi ya yi nasa sulhun ta hanyar cire hannu guda. Ya fito da wannan fok a kekunansa na shekarar 2000, ya raɗa masa suna Lefty, watau Bahago, mu ma da wannan suna za mu kira shi. Dalilin zaɓen hagu kuwa shi ne a can faifan birki yake.

To, Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wannan shi ne tsoron farko da ke zuwa wa kowa: ba zai karye ba? ba zai riƙa jan keke hagu ba? Muna roƙon a fita waje bayan taro a duba motocin da ke ajiye. Kowane wili na kowace mota ta gefe guda aka riƙe shi, ba mu taɓa jin wanda ya ƙi shiga mota saboda haka ba. Akwai ma misalin da ya fi wannan kusa da mu. Vespa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fito da ita a 1946, injiniyan jiragen sama ne mai suna Corradino D'Ascanio ya zana ta, ya kuma aro dabarar ƙafar saukar jirgi ya riƙe wilin gabanta da hannu guda, domin a iya kwance shi a ɗaura safaya kamar na mota. Ma'aikatan da suka karɓi kuɗin Udoji a 1975 da yawansu Vespa suka hau, suka kai amarya, suka kai yara makaranta, suka je Ɗambatta da Wudil suka dawo, a kan hannu ɗaya. Saboda haka Kano ta san wannan dabara shekaru da dama kafin Bahago ya fito. Batun jan hagu kuma babu shi, gama tayar tana zaune daidai tsakiyar keken, mahayin da ya saba sakin hannu zai saki abinsa ya tafi.

Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne yadda cikinsa yake, domin a nan amfaninsa yake, a nan kuma wahalarsa take. Fok mai shokazoba na yau da kullum bututu ne biyu kewayayyu da ke nutsewa cikin wasu bututu biyu, suna zamewa a kan bushin. Muddin bugun hanya daga ƙasa yake zuwa kai tsaye, zamewar lafiya lau take. Amma da zarar mahayi ya danne birki a gangara, ko ya kwanta a kwana, sai bututun su ɗan tanƙwara su matse jikin bushin, su fara cijewa, kamar aljihun tebur da aka jawo a karkace. Watau a daidai lokacin da aka fi bukatar shokazoba, a lokacin ne yake yin nauyin jiki. Wanda ya cire hannu guda kuma ya jawo wa kansa wata matsala sabuwa: kewayayyen bututu guda a cikin wani zai riƙa juyawa kamar taɓarya a turmi, mahayi ya karkata kan keke gabas wili ya nufi kudu. Maganin da masu Bahago suka yi wa wannan shi ne suka feƙe bututun ciki ya zama mai fuska huɗu, suka shimfiɗa wa kowace fuska jerin ƙananan sandunan ƙarfe masu kama da guntayen allura, 22 a kowane jeri, 88 ke nan gaba ɗaya. Dabarar ba sabuwa ba ce a wurinsu, tun 1992 suke amfani da ita a wani fok nasu mai suna HeadShok. Fuskokin nan sun hana bututu juyawa, alluran kuma sun mai da zamewa ta koma mirginawa. Kowa ya san bambancin jan buhu a ƙasa da mirgina ganga. Komai matsin da birki ko kwana suka yi wa fok ɗin, alluran mirginawa suke yi, ba sa cijewa. Bugu da ƙari an kifa shi ne, ɓangare mai kauri a sama inda ƙarfin tanƙwara ya fi yawa, siriri a ƙasa, sandar da wili ke juyawa a kanta kuma a haɗe take da hannun, kaurinta milimita 25 a gindi, ta tsuke zuwa 15 a baki.

Wannan aiki ne na masu hankali, kuma ba za mu rage masa komai ba. Wanda ya gangara kan tsakuwa da birki a hannu zai ji tayar gaba tana bin ƙasa tana lasa, inda wani fok ɗin zai riƙa tsalle. A damina ma taɓo ba ya samun inda zai cushe tsakanin hannu biyu. Amma akwai abin da masu talla ke faɗa wanda ya kamata a tace. Sukan ce hannu ɗaya rabin nauyi ne. Ba haka ba ne, domin hannun da ya rage dole a ƙara masa kauri ya ɗauki aikin ɗan'uwansa. Samfurin da aka fito da shi a 2018 mai suna Lefty Ocho, wanda aka mai da fuskokinsa uku, na zaren kabon ɗinsa ya kusa kilo ɗaya da rabi, alhali a 2020 RockShox ya fito da mai hannu biyu, SID SL, wanda bai kai kilo 1.4 ba. Sukan kuma ce ana canza taya ba tare da an kwance wili ba. Gaskiya ne, sai dai wannan ya fi burge Bature. Mai facin bakin Ƙofar Mata tun kakanninmu yake zaro tiyub ta gefe ya lalubo hujin tsidau ya liƙe ya mayar, bai taɓa kusantar noti ba. Ranar da kuwa za a kwance wilin Bahago ɗungurungum, a sa keke a but ɗin mota alal misali, sai an fara ɗage kan birki daga faifai, domin wilin ta gefe yake zarewa.

Ga masu ganin fok ne ke cin tsere, ga wani labari daga nahiyarmu. Alan Hatherly, mutumin Afirka ta Kudu, ya ci lambar tagulla a Olamfik na birnin Faris a 2024, bayan 'yan makonni kuma ya zama zakaran duniya a Andora, a kan keken Cannondale mai hannu ɗaya. A 2025 ya koma hawan keken kamfanin Giant mai fok hannu biyu, ya je Suwizalan ya sake cinye kambin. Fok ɗin ya canza, ƙafafu da huhun ba su canza ba.

Yanzu sai mu dawo da maganar cikin ganuwa, mu tambayi kanmu wace hanya za mu bi da wannan keke. Birnin Kano shimfiɗaɗɗen gari ne. In aka ɗebe Dala da Goron Dutse babu wani hawa da zai sa mutum haki, Dalar ma matakala ake bi a hau ta. Abin da mahayi ke fama da shi daga Jakara zuwa Gwale shi ne kwata da ta ratsa lungu, da bakin dakali, da rairayi, da tubalin intalok da ya ɗaga, da ramukan da ruwan Agusta ya haƙa a kwalta, da cunkoson bakin Kurmi inda ba a gudu ko ana so. Shokazoba yana da amfani a irin wannan hanya, ba mu musa ba. Wuyan hannu da kafaɗa suna gode masa. Amma fifikon Bahago a kan sauran, watau rashin cijewa a gangara mai tsanani ana riƙe da birki, abu ne da lungunanmu ba za su taɓa tambayarsa ba. Taya mai faɗi wadda ba a cika mata iska ta yi tauri ba za ta shanye mafi yawan wannan gargada a kyauta. Wanda yake son ya ga abin da fok ɗin zai iya, sai ya loda kekensa ya nufi duwatsun Rano, ko ya zarce kudu wajen Riruwai, ko ya hau tudun Jos.

Bari mu ɗan ratse a nan. Mun ga samari suna hawa ragowar badala da keke suna gangarowa, wai su ma sun sami dutse. Wannan ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, aka fara gina ta, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa. Ƙasa ce aka tara, ba dutse ba. Masu ɗibar ƙasa da masu yanka filaye sun riga sun ci rabonsu, abin da ya saura kuma taya mai haƙora tana tona masa hanyar da ruwan sama zai bi ya zaizaye. Bai kamata a ce ɗaliban jami'a ne suka ƙarasa ta ba.

Babban abokin gaban wannan fok a ƙasarmu ba rami ba ne, ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso mana hazo tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, gari mai laushi wanda ke shiga agogo da akwatin da aka kulle. In ya sami man giris sai su haɗu su zama abin wasa wuƙa. Kowane shokazoba yana shan wannan wahala, shi ya sa RockShox ya ce a buɗe ƙasan fok ɗinsa a wanke a sake mai bayan kowace awa 50 ta hawa. Ɗalibin da ke yin awa biyu a kan keke kullum zai cika awa 50 kafin wata ya ƙare. A tuna fa wannan ƙa'ida ba domin masu hazo aka rubuta ta ba. Bahago na farko, har zuwa wajen 2012, rigar roba ce mai naɗe-naɗe ke kare alluransa, robar da ta shekara goma sha a wata ƙasa kuwa ba ta jure zafin bazararmu, tsagewa take yi. Da ta tsage, ƙura ta sami ƙofa. Na baya-bayan an cire musu rigar an sa zoben roba mai tare mai, amma da yake a kife fok ɗin yake, ranar da zoben ya gaji man ƙasa zai biyo, ƙasan kuwa nan faifan birki yake. Mai a kan birki ba ƙaramin hatsari ba ne ga wanda zai ratsa Kabuga da yamma.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da muke ganin ita ce uwa: in ya lalace, wa zai gyara, da me kuma? Keken Raleigh da 'yan'uwansa na Sin da Indiya, su Phoenix da Hero, ba don sun fi kowa kyau suka mallaki ƙasar Hausa ba. Sun mallake ta ne domin ƙira ɗaya ce, kayan wannan yana shiga wancan, kuma babu ƙauyen da za ka je ranar kasuwa ka rasa mai sifana a gindin bishiya. Fok ɗinsu in ya lanƙwashe a miƙe shi, in ya tsage a kai wa mai walda. Vespa ma da muka yi misali da ita, ba hannu ɗayanta ya zaunar da ita a Kano ba. Ta zo da yawa ne, kayan gyaranta suka biyo ta, yara suka koyi aikinta suka zama iyayen gida, shi ya sa har yau akan ga dattijo a kan tasa tana tafiya sumul. Bahago bai zo da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Cibiyar wilinsa tasa ce shi kaɗai, ba ta shiga wani fok, wani wili kuma ba ya shiga nasa. In mota ta taka maka gargare, dole a kwance wayoyi a sake ɗinka sabo a kan tsohuwar cibiyar, in kuwa cibiyar ce ta fashe, da wuya ka same ta ko ka karaɗe Sabon Gari da Ƙofar Ruwa. Boris biyu da ke cikinta dai masu lamba ne na gama-gari, 6805 da 6902, mai sayar da boris na injuna zai iya nemo maka. Amma jerin alluran nan, da siraran ƙarafan da suke mirginawa a kai, da zobban roba, sai dai a yi odarsu daga waje, buɗe cikinsa kuma yana bukatar kayan aiki na musamman. Alminiyam da aka ƙera shi da shi ba a miƙe shi in ya lanƙwashe, zaren kabon kuwa ba ya lanƙwasa ma balle a gani, tsagewa yake yi a ɓoye ya ƙarasa rana tsaka.

Ko a taya akwai tarko. Tsohon kekenmu lamba 28 ake ce da tayarsa, sabon keken tsere kuwa 29, sai mutum ya zaci kusan ɗaya ne, ko ma na biyun ya fi girma. Alhali gargaren 28 faɗinsa milimita 635 ne, na 29 kuwa 622, na tsofaffin kekunan hawan dutse masu lamba 26 kuma 559. Babu wadda ke hawa gargaren 'yar'uwarta. Kafin a biya kuɗi a tabbata tayar da keken ke ci tana samuwa a gari.

Sai batun kuɗi. Sabon Lefty Ocho na kabon, fok ɗin kaɗai ba tare da wili ba, ya haura dala 1,000. A 2024, shekarar da aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, dala tana wajen naira 1,500. Watau fok guda ya ci albashin ƙaramin ma'aikaci na wata ashirin da ɗoriya, bai ci ba bai sha ba. Wanda ke tunanin ya sayo shi ya ɗaura a kan keken da yake da shi, ya ƙara da kuɗin sabuwar cibiya da ɗinkin wili, ya kuma tabbata birkinsa na faifai ne, domin mai kama gargare ba shi da wurin zama a hannu guda. Tsofaffin samfura da maƙalai biyu suke kama wuyan keke, sama da ƙasa, an kuwa auna su ne da wuyan kekunan Cannondale mai faɗi, ba kowane keke suke hawa ba sai da ƙarin kayan haɗi. Ocho ne aka yi wa maƙali guda yadda zai shiga wuyan kekunan zamani. A ganinmu wannan ciniki ba na ɗalibi ba ne, ba kuma na mai matakin albashi na takwas ba ne.

Saura na gwanjo, wanda shi ne ainihin abin da zai iya faɗowa hannun ɗayanmu, wani lokaci ma da araha, domin dillalin da kansa tsoronsa yake ji. A nan ba za mu ce a guje shi ba, za mu ce a duba shi da idon basira. A fara da rigar roba in mai riga ne, a buɗa naɗe-naɗenta ɗaya bayan ɗaya a nemi tsaga. A shafa yatsa a ƙasan hannun da bayan faifan birki a ga ko akwai danshin mai. A danne birkin gaba a tura keken gaba da baya. In an ji ƙwas-ƙwas, ko dai boris ɗin wuya ne, wanda gyaransa mai sauƙi ne, ko kuwa cikin fok ɗin ne, wanda ba mai sauƙi ba ne, sai a ɗora hannu a kan kowanne a gane inda motsin yake. A matse wili tsakanin gwiwoyi a murɗa kan keke. Bahago mai lafiya ko kaɗan ba ya ba da kai. A danna shi ya nutse a sake shi. Ya kamata ya taso a hankali cikin natsuwa, in ya yi tsalle kamar an saki baka to man da ke riƙe shi ya tsiyaye, in kuma an ji gurzawa kamar ana niƙa tsakuwa to ƙura ta riga ku shiga. Akwai kuma wata ɗabi'a tasa da ya kamata a sani: jerin alluran yakan zame daga mazauninsa sannu a hankali, sai fok ɗin ya gajarce, ya riƙa bugawa in ya miƙe. Wannan ba lalacewa ba ce, ana mai da su wurinsu cikin 'yan mintoci, kuma littafin kowane samfuri, wanda ake samu a intanet, ya faɗi yadda ake yi da tsawon da ya kamata a auna a samu. Dillali zai iya karya farashi saboda wannan bugun, mai sani kuwa ya ci riba. In na kabon ne, a wanke shi tas a duba shi cikin rana, duk wata tsaga ko wurin da ya yi laushi a bar musu kayansu, kome arharsa.

Mafi yawansu da iska suke aiki maimakon sifirin, iskar kuma da ɗan famfo na musamman ake ba su, mai agogo, wanda ba ya zubar da ita wajen cirewa. Injin mai faci ba na wannan aiki ba ne. Ƙa'idar ita ce in mahayi ya zauna a kan keke fok ya nutse da kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar na iyakar tafiyarsa, watau milimita 20 zuwa 25 ga mai tafiyar milimita 100. Wanda bai tanadi wannan famfo ba, kada ya sayi kowane fok mai iska, hannu ɗaya ne ko biyu.

Ga inda muka tsaya. Mai zirga-zirga tsakanin gida da aji ko ofis, fok na ƙarfe marar shokazoba da taya mai faɗi sun ishe shi, rarar kuɗin ya sayi fitila da kwaɗo mai kyau. Wanda ke fita bayan gari ranar Asabar yana bin burtali da gefen gonaki, mai hannu biyu na sananniyar ƙira ya fi masa kwanciyar hankali, domin wilin kowa yana shiga, kuma wanke shi bai fi ƙarfin mai gyaran da aka nuna wa sau ɗaya ba. Bahago na mutum ɗaya ne a cikinmu: wanda da gaske yake hawan duwatsu, yana da hanyar samo kaya daga waje, yana kuma da haƙurin zama ya karanta littafi ya yi aikin da hannunsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. In ya san haka ya saya, zai sami fok ɗin da samun kamarsa a gangara sai an tona.

Muna da magana guda ga 'yan'uwanmu na sashen injiniya, da su za mu rufe. Kekunan gwanjo masu shokazoba sun cika gari, kuma mafi yawan shokazoban nan a sandare suke, sun zama nauyi kawai, domin masu gyaranmu sun gaji aikin Raleigh ne, ba wanda ya taɓa buɗe musu cikin waɗannan ya nuna musu. Aikin bai fi kwance noti biyu da wankewa da sake mai da zoben roba ba. Kuna da ɗakin aiki, kuna da injin feƙe ƙarfe, kuna iya karanta littattafan kamfanonin. In ƙungiyar nan ta ware Asabar guda a kowane zango, ta gayyato masu gyaran keke na Kabuga da Ƙofar Famfo da Ɗorayi, aka baje fok biyu ko uku a kan tebur aka kwance su tare, su za su koya muku riƙon sifana, ku kuma ku karanta musu awo. In an sami Bahago guda da ya riga ya mutu, a kawo shi a farke, kowa ya ga alluran nan 88 da idonsa.